Sai Ta Warke Tukuna

"A bari sai ta warke tukuna."

Abin da mahaifiyar Dogo ta ce ke nan, idonta a kan gwiwar hannuna inda riga ta zame. Jan tabo ne mai farin ɓawo. Na ja rigar da sauri, amma aikin gama ya gama.

'Yar ƙanwarta, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Dogo, ta janye kofinta daga kusa da ni.

"Ai na faɗa miki, Inna, irin wannan ɗauka ake yi..."

Ban san yadda na kai shagon ɗinkina ba. Ina kuka a gaban keke Dogo ya shigo, bakinsa har kunne.

"Haba abar ƙaunata! Mama fa ba ta ƙi ba. Jira ta ce. Ko shekara ce zan jira!"

Allah sarki, murna yake yi! Laifina ne, shekara biyu ina ce masa ɗan ƙaiƙayi ne kawai.

"Dogo... ba ya warkewa."

"Kamar yaya?"

"Soriyasis sunansa. Likita ya ce jikina ne ke gaggawar yin sabuwar fata tun tsohuwar ba ta sauka ba. Ba a ɗaukarsa. In na shafa magani ya lafa, in raina ya ɓaci ya taso. Amma warkewa babu. Mama ta sallame ni har abada ba ta sani ba."

Ya dafe ƙirji.

"Shi ya sa duk ranar da muka yi faɗa kike sosa wuya? Ashe ni ne cutar!"

Dariya ta ƙwace min a tsakiyar kuka.

"Tashi, zuciyata. Ɗauko man nan. Da bakinki za ki faɗa mata."

A falo muka sami Mama ita kaɗai. Na durƙusa.

"Mama, in sai na warke ne, ki nema masa wata."

Na zayyane mata komai, ban rage ko ɗaya ba.

"Shekara nawa kina fama da shi?"

"Goma sha ɗaya."

"Har a baya?"

"Can ya fi yawa."

"To wa ke shafa miki?"

"Ba kowa, Mama. Tun rasuwar mahaifiyata, inda hannuna ya kai nan nake tsayawa."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta harari Dogo.

"Kai, zabgegen banza, fita ka ba mu wuri!"

Ƙofa na rufuwa ta buɗe kwalbar.

"Juya, 'yata."

Tafin hannunta ya sauka a tsakiyar bayana, babu ƙyama, babu ɗari-ɗari. Kukan da na yi bai da fasali.

"Yi min shiru kar ki kumbura ido," ta ce, tana ƙara lakato man. "Gobe kawunnansa za su je gidanku."