Jira Ni Nan, Zaidu

Wata biyar ke nan da Ishiyaku da abokansa suka dawo daga wasan zamiya a dusar ƙanƙarar duwatsun Faransa, babu Zaidu. Ishiyaku ne ya ja Zaidu hanyar da aka rufe. Da guguwa ta taso ya ce, "Jira ni nan," ya gangara abinsa. Ya kuma rantse wa uwar Zaidu cewa ya neme shi.

Wani daren Yuli mai zafi, yana tafe a titin Grand Concourse, sai ya ji takun manyan takalma a bayansa. Ya waiga. Kowane sawu cike da ƙanƙara, ba ta narkewa.

"Mutumina," in ji wata murya tana rawar ɗari, "ka ce in jira ka. Na ji shiru, shi ne na biyo sawu."