Zaren da Ya Yi Shiru a Ƙarƙashin Gada

Duk abin da ya cika shiru, a ji tsoronsa. Babbar gadar garin ma saura ƙiris shirunta ya ci mutane.

Ranar Talata da hantsi wata injiniya ta shigo caji ofis rungume da kwamfuta. Sufeto na zaune shi kaɗai, shayinsa ya huce.

"Yallaɓai, an taɓa mini zarena."

"Hajiya, nan ba shagon tela ba ne."

"Na roba ne, siriri kamar gashi, haske ke bi ta cikinsa. Ni na haɗa shi a ɗakin gwajinmu, na manna a jikin ginshiƙin gada. In kankare ya miƙe ko ya tsage, hasken zai canja, na'ura ta rubuta."

Ta juyo masa allon. Wani layi na ta rawa yana hawa sama, sai kuma ya kwanta sambal.

"Ai lafiya ke nan, tunda ya kwanta."

"Gadar da tirela ke takawa ba ta kwanciya. Hawan nan tsaga ce ke buɗewa. Na yi tafiya, na dawo na tarar kwana huɗu babu motsi."

Sufeto ya ture kofin. 'Ya ɗaya matarsa ta rasu ta bar masa, kuma sau biyu kullum motar makaranta ke tsallakawa da ita ta gadar nan. Nan take ya sa aka rufe hanya.

A ƙarƙashin gadar suka sami mai gadi yana rantsuwa babu wanda ke saukowa. Zaren kuwa ba a tsinka shi ba. An ɓare shi a hankali, an manna shi a kan wani dutse da ba ya motsi. Inda yake a da, an shafe tsagar da sabon siminti, sumul.

Sufeto ya ɗora tafin hannu. Da danshi, ga shi wata guda ba a yi ruwa ba.

"Wa ke zuba ruwa a nan?"

"Raɓa ce, Yallaɓai."

"Raɓa mai zaɓen wuri ɗaya?"

Mai gadi ya kama sosa ƙeya. Sufeto bai matsa masa ba. Ɓarawo ba ya komowa, amma magini ba ya barin sabon siminti da ƙishi.

Washegari da sassafe ya zauna bayan ginshiƙi, ba kowa sai ƙarar ruwan kogi. Can sai ga wani tsoho yana gangarowa da bokiti, yana hutawa bayan kowane taku biyar.

"Sannu, Baba. Me za a shayar?"

"'Yar shuka ce, ɗana."

"A jikin kankare?"

Tsohon ya ajiye bokitin, ya zauna a ƙasa.

"Shekara arba'in da suka wuce ni na zuba ginshiƙin nan. Kullum a nan nake wuni, mai gadi ya saba da ni. Rannan na ji yarinyar nan mai zaren tana waya, wai in layi ya ci gaba da hawa rushe gadar za a yi. Matata ta rasu, yara sun watse, abokan aikina duk suna ƙasa. Gadar nan kaɗai ta rage da ta san hannuna."

"Baba, 'yata na cikin motar da ke hawa kanta."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Wallahi ban tuna da yara ba."

Sufeto bai fito da ankwa ba. Ya kama masa hannu suka hau gangaren a hankali, aka sa shi a mota.

Injiniya ta mayar da zarenta a ranar, amma kwana biyar ɗin da aka rufe masa baki sun tafi ba rubutu. Har yau ba wanda ya san zurfin da tsagar ta yi a bayan simintin, ko gadar za ta sake ɗaukar mota.