Waken Baba a Cikin Kwalba

Zangon karatu ya yi nisa, kaka ta shigo. Itatuwan da ke bakin ƙofar makarantar sakandaren sun fara zubar da ganye. Da safe akwai ɗan sanyi, har wasu ɗalibai sun fito da rigunan sanyinsu. Masu shara kan share filin taro, kafin su kai ƙarshe iska ta sake watso musu wani ganyen.

A aji huɗu akwai wata yarinya da ake kira Yanzu-yanzu. Duk abin da aka sa ta, amsarta ɗaya ce, wai yanzu-yanzu za ta gama. Kuma takan gama ɗin. Ita ke fara miƙa takardar jarrabawa, ita ke fara kaiwa layin abinci. Ko gaisuwa rabi take yi, sauran rabin ta ƙarasa a kan hanya.

A wannan zangon aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar lambu. Su goma sha biyu ne, kuma lambunsu yana bayan ɗakin gwaje-gwaje. Malamar kimiyya ke kula da su, amma wanda ya san sirrin ƙasar shi ne Baba mai lambu. Daɗaɗɗen ma'aikacin makarantar ne, ba shi da yawan magana.

Baba yana da wani wake fari mai ɗigo-ɗigon ja, wanda ba a samun irinsa a shago. Mahaifiyarsa ce ta ba shi cikin tafin hannu ɗaya. Gidansa babu filin shuka, don haka a makarantar kaɗai yake shuka shi. Shekara ashirin da biyu ke nan. Kowace kaka a ajiye iri daga abin da aka girbe, a shuka baɗi. Idan irin bana ya lalace, waken ya ƙare ke nan.

Ranar Litinin suka girbe shi. Suka zauna a inuwa suna ɓarewa suna hira. Doguwa, aminiyar Yanzu-yanzu, ta ce waken ya fi ɗankunnenta kyau. Wani yaro da suke ce wa Mai Tabarau ya ce to ta huda biyu ta rataya, a huta da kallon na kunnenta. Ta jefe shi da ɓawo.

Da suka gama, Baba ya kai su ƙaramin siton lambu. Ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan kanta, ya baza waken ƙwaya-ƙwaya. Ya ce zai yi mako biyu a nan, kuma kowace safiya a juya shi. Bayan haka sai a zuba a ambulan na takarda, domin takarda tana barin iri ya sha iska.

"Baba, ai ga shi a bushe," in ji Yanzu-yanzu.

"Bayansa ne ya bushe, 'yata. Cikinsa da saura."

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya danna da farce. Farcen ya bar ɗan sawu. Ya ce ranar da farce ya kasa shiga, ranar waken ya gama. Sannan ya miƙa mata makullin siton, tunda ita ce shugaba.

Ana haka kuwa makaranta tana shirin ranar ziyarar iyaye, saura kwana goma sha ɗaya. Kowace ƙungiya za ta kafa teburinta a babban ɗakin taro. 'Yan wasan kwaikwayo suna ɗinkin kaya masu ƙyalli. 'Yan ƙungiyar kimiyya suna haɗa wata 'yar mota mai tafiya da batir. Hatta 'yan muhawara, da ba su da komai sai baki, sun samo kofunan da suka ciwo suna gogewa.

Yanzu-yanzu ta duba nasu. Ambulan ruwan ƙasa ne kawai, irin wanda ake aika wa iyaye takardar ƙorafi a ciki. Wa zai tsaya kallon wannan?

Ranar Laraba ta zo da kwalabe shida daga gida. Ta wanke su tas, ta ɗaura wa kowace jan zare a wuya. Da aka fita hutun cin abinci ta shiga siton ita kaɗai. Ta taɓa waken, ta ji shi kamar tsakuwa. Ta tuna da zancen farce, amma ta ga ai kwana biyu ma kwana ne. Ta kwashe shi duka ta zuba, ta murɗa murafen gam. Sai ta jera kwalaben a bakin taga, inda rana ke haska su. Sun yi kyau ƙwarai, wannan kam ba a musu.

Baba bai sani ba. A wannan makon an tura shi gyaran filin ƙwallo, saboda wasan da za a yi tsakanin azuzuwa. Da suka haɗu a hanya ya tambaye ta ko tana juya waken. Ta ce komai lafiya, ta wuce da sauri.

Ranar Litinin ta gaba ta buɗe siton tana 'yar waƙa. Waƙar ta tsaya a bakinta.

Kwalaben sun yi gumi daga ciki. Waken ya kumbura, wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe shi. A ƙasan kwalaben abin har ya koma kore. Ta buɗe ɗaya, wari ya bugi hancinta. Fumfuna ce. Ta buɗe ta biyu, ta uku, har ta shida. Duk labarin ɗaya ne.

Aka kaɗa ƙararrawa. Ta tura kwalaben bayan buhun taki, ta kulle ƙofa, ta ruga aji. Ranar nan malamin lissafi ya yi tambaya, ita ce ba ta ɗaga hannu ba. Har ya leƙo ta saman littafinsa ya tambayi ko lafiya.

A gida ma ta zauna tana juya cokali a kwano. Yayanta ya ce yau abin tarihi ya faru, ya riga ƙanwarsa cinye abinci. Ya ce a kawo alƙalami ya rubuta kwanan wata a bango. Ba ta ko harare shi ba. Nan Mama ta gane abin ba na wasa ba ne. Ta kore shi ya je ya kwashe wanki daga igiya, ta zauna kusa da ita.

Yarinyar ta faɗa mata komai, har da jan zaren.

"Yanzu me kike so ki yi?" Mama ta tambaya.

"In sayo farin wake in ɗiga masa jan fenti."

Mama ta danne dariyarta. Ta tambaya ko fentin zai tsira da damina. Yarinyar ta girgiza kai.

"To ki ce ɓera ne, Mama? Ko rufin ne ya yi yoyo?"

"Ɓera ya iya murɗa murfi? 'Yata, kuskure ɗaya kika yi. Kada ki mai da shi biyu. Makullin a hannunki aka ba ki, ki je da ƙafarki ki faɗa."

"Baba zai ji haushina."

"Zai ji. Amma yau ɗin da kika ɓoye, waken yana ƙara ruɓewa ne. Da kin faɗa tun safe, wataƙila da an tsirar da wani abu."

Wannan ne abin da bai zo mata a rai ba.

Washegari tun kafin a yi taron safe ta sami Malama a ofis. Malama ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta ce ba ita ce mai waken ba, su je wurin mai shi.

Suka sami Baba yana tara ganye da manjagara. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi, wannan karon gaisuwa cikakkiya. Ta fito da kwalaben ta jera a gabansa.

"Baba, ni na yi. Ka ce mako biyu, na yi kwana biyu. Ka yi haƙuri."

Baba ya ɗauki kwalba ɗaya ya daɗe yana juya ta. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi faɗan, da ya fi mata sauƙi. Sai ya juye kwalbar a kan jarida, ya tona da yatsa. Bai sami ko ƙwaya ɗaya mai lafiya ba. Haka ta biyu. A cikin kwalabe shida, ƙwaya tara kawai ya ware gefe, su ma ya ce ba ya da tabbas a kansu.

Malama ta yanke hukunci. Yarinyar za ta sanar da 'yan ƙungiya da bakinta. Makullin zai koma hannun Doguwa har ƙarshen zango. Kuma duk hutun cin abinci na wannan makon a lambu za ta yi shi, ko da ana wasan ƙwallo.

Ta tara su ta faɗa musu. Mai Tabarau ne ya fara magana. Ya ce ya kamata a yi mata murna, don ita ce ta fara noman auduga a cikin kwalba. Aka yi dariya kaɗan, ita ma ta yi, hawaye na bin kumatunta.

Sai Doguwa ta tambayi Baba ina aka kai harawar da aka tuge bayan girbi. Ta ce ranar suna ta surutu, ba ta jin sun tsinke kowane kwanso. Baba ya dube ta, ya dubi ƙarshen lambu. Can ne ake tara busasshen ganye don yin taki. Tarin ya kai ƙirjin mutum, kuma harawar tana can ƙasa.

Kwana uku suna tonon tarin nan. Ana ihu a filin ƙwallo, su suna ɗaga ganye hannu-hannu. Mai Tabarau ya yi karo da wani ƙaton kwaɗo, ya yi tsallen da malamin wasanni bai taɓa samu daga gare shi ba. Doguwa ta ce a sa sunansa a gasar tsalle. Wata 'yar aji ɗaya ta tsinci cokali, wani ya tsinci takalmi ƙafa ɗaya.

Yanzu-yanzu ta fara da gaggawa, tana watsa ganye ta ko'ina. Ba ta sami komai ba. Sai ta lura da yadda Baba yake yi. Yakan ɗauki reshe ɗaya, ya bi shi da yatsu daga tushe har kai, sannan ya ajiye ya ɗauki wani. Ta kwaikwaye shi. A reshe na bakwai yatsunta suka taɓa kwanso. Ta ɓare shi. Ƙwaya huɗu, farare masu ɗigon ja, lafiya lau.

Zuwa ranar Alhamis sun haɗa ƙwaya hamsin da ɗaya. Suka baza su a sabuwar jarida. Kowace safiya Doguwa ta buɗe ƙofa, Yanzu-yanzu ta juya su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar ziyarar iyaye ba a kai waken ɗakin taro ba, don bai gama bushewa ba. A teburinsu akwai kabewa biyu da tumatir da furanni. Yarinyar ta roƙi Malama ta bar ta ta ajiye kwalba ɗaya mai fumfuna a tsakiya. Ta rubuta a kati cewa haka iri yake zama idan aka rufe shi da danshi. Abin mamaki, mutane suka yi ta tsayawa. Wani mahaifi ya ce ashe abin da ya kashe masa irin barkono ke nan bara. Ya tambayi wane ne ya yi wannan gwajin.

"Ba gwaji ba ne, Baba," ta ce wa mahaifin. "Kuskurena ne."

Mama tana tsaye daga baya tana murmushi.

Da mako biyu suka cika, Baba ya ba ta ƙwaya ɗaya ya ce ta danna. Ta danna har farcenta ya yi zafi. Ko alama bai bari ba. Amma Baba ya ce saura abu ɗaya, domin waken ya kwana a cikin taki, ba a san ko yana da rai ba. Ya ware ƙwaya biyar, ya naɗe su a jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ɗora a faranti. Ya ce kada a buɗe sai bayan kwana biyar, a dai riƙa yayyafa ruwa.

Kwana biyar ɗin nan sun yi mata tsawo. Sau da yawa hannunta ya kai bakin ƙyallen, sai ta janye ta sa shi a aljihu.

A rana ta biyar duk suka taru a siton, har da Malama. Baba ya ce ita za ta buɗe. Ta warware ƙyallen a hankali. Ƙwaya huɗu sun tsage, kowacce ta fito da 'yar farar saiwa mai lanƙwasa. Ta biyar ɗin ma ta fara kumbura.

Baba ya yi dariya, har aka ga giɓinsa. Ya ce baɗi akwai wake. Ya ƙirga sauran ya zuba a ambulan, ya miƙa mata biro ta rubuta shekara a bayansa.

Tun daga ranar yarinyar ta riƙe abu biyu. Kowane aiki yana da lokacinsa, kuma gaggawa ba ta rage masa ko kwana ɗaya. Idan kuwa an yi kuskure, a faɗe shi da wuri, tun akwai abin da za a iya gyarawa.