Ɗantala da Rana

An yi wani mai sayar da balan-balan, Ɗantala, mai son a yabe shi. Ranar Sallah da sanyin safiya ya hura nasa, ya hura, ya ƙara hurawa, sai da suka yi tam. Maƙwabciyarsa a kasuwa, Iya Tabawa, ta hura nata sako-sako.

Ya ce, "Iya, naki har yau azumi suke yi?"

Ta ce, "Ɗana, rana na bar wa wuri. Iska in ta ji zafi, kumbura take yi."

Da rana ta take, na Iya suka cika suka yi kyau. Na Ɗantala kuwa, fas! fas! fas! Yara suka koma wajen Iya.

Ɗantala ya ɗaga kai sama ya ce, "Haba rana! Duk kasuwar nan ni kaɗai kika gani?"