Agogon da Ya Kori Yaya

Ranar da Auta ta fara shiga shagon gyaran agogon, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta dangwarar da wani tsohon agogo a kan kanta, ta ce, "Ina so ya tashi."

Saurayin da ke bayan kantar ya ɗago, da ɗan madubin nan na masu gyara maƙale a idonsa na dama. Ya kalli agogon, ya kalle ta, ya sake kallonta, wannan karon ba don aiki ba.

"Sannu da zuwa dai tukuna," ya ce. "Ko mara lafiya aka kawo, ai ana gaisawa da likita."

"Sannu, Ido Uku. Zai tashi ko ba zai tashi ba?"

Sunan ya bi shi daga ranar. Shi kuma ya raɗa mata Barkono, kuma duk wanda ya san Auta zai ce bai yi mata ƙarya ba.

Agogon na manya ne, irin mai tsadar nan da ake wanawa da hannu, sai dai ya sha duniya. Gilashin ya tsage, fuskar ta dafe, maɗaurin wata ƙazamar roba ce da ba tasa ba. A teburin 'yan gwanjo ta tsinto shi, cikin kwali ɗaya da tsofaffin cajoji, ta saya ko tayi ba ta yi ba.

Ya shafa gefensa da yatsa. "Akwai 'yar lotsawa a nan. In goge ta?"

"Ka taɓa ta, ni da kai ne. Ƙofar mota ce ta datse hannun Abbanmu wata rana da ya kai ni makaranta. Da ita na gane shi."

Sauran labarin a hankali ya fito, don Auta ta mai da shagon hanyarta, kullum ta tashi daga kemis ɗin da take aiki sai ta biyo. Bayan rasuwar Abba ne agogon ya ɓace daga ɗakinsa. Baffa, ƙanin Abba mai sayar da motoci, ya tara dangi a falo, ya tsayar da yayanta a tsakiya, ya ce shi ya sace. Yaya ya rantse har da hawaye, ba wanda ya tanka. Washegari ya bar garin da jaka ɗaya, shekaru ke nan bai sake taka gidan ba.

"Ba don kwalliya nake gyara shi ba," ta ce. "Wanda ya sayar da shi nake nema. In na same shi, sai ya gwammace bai zo duniya ba."

"To Allah ya sa ba ni ba ne," ya ce, yana jera ƙananan ƙusoshi a faranti. Ta harare shi, amma ba ta tafi ba.

Ba a jima ba saƙonni suka fara kai da kawo.

"Barkonona, an samo gilashi daidai da shi. Ki zo ki gani, ko kuma ki zo in gani."

"Ido Uku, aiki aka ba ka, ba surutu ba. Ka ci abinci kuwa?"

"Ina jiran a tambaye ni ne. Yanzu zan ci."

Masu gyaran agogo suna da wata ɗabi'a. Duk wanda ya buɗe agogo ya yi masa aiki, yakan ɗan zana alamarsa da tsinin allura a cikin murfin baya, da wata da shekara, don na gaba ya san hannun da ya riga shi. Ranar da Ido Uku ya wanke murfin, dattin ya fita, sai alama ta bayyana. Ɗan tauraro mai jela ne a ciki, alamar mahaifinsa, wanda ya riƙe shagon kafin idonsa ya yi rauni. Watan da ke gefe kuwa bayan rasuwar Abba ne.

Guga ɗaya ta isa ta share alamar, ba mai sani har abada. Ya daɗe riƙe da murfin, yana jin tsoron rasa Auta har cikin ƙashinsa. Da ta shigo da yamma, ya miƙa mata madubin ya nuna mata.

Auta ta cire madubin a hankali. "Ashe a shagonku aka wanke kayan sata."

"Ki saurare ni, Barkono..."

"Kada ka ƙara kira na da sunan nan. Yayana yana can yana gararamba, ku kuna nan kuna zana tauraro!"

Ta fice, ƙofar gilashin ta daɗe tana rawa.

A gida Umma ta ce ba ita ba haɗa jini da mutanen da agogon mijinta ya bi ta hannunsu. Baffa kuwa, da ma tun ranar da ya ji a wane titi shagon yake ya tada jijiyar wuya ya ce sam, ba maganar aure tsakaninta da saurayin. Ya turo ɗansa, mai canza mota kamar riga, ya dinga zuwa da turaruka. Auta ta bar shi yana zuwa, har ta sa ya bi da ita ta gaban shagon, gilas a sauke, don kawai wani ya gani ya ji zafi. Ya gani kuwa, ya ji. Ita ma da ta koma gida sai da ta yi kuka.

Shi dai bai fasa aikinsa ba. Ya wanke kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga mai, ya canza abin da ya mutu, ya sa maɗaurin fata. Da agogon ya tashi, ya kai wa mahaifinsa gida. Tsoho ya karɓa ya juya shi, babban yatsansa ya tsaya a kan lotsawar.

"Kai! Wannan ai na san shi. Mutumin ya matsa sai na goge nan, wai sayarwa zai yi, na ce ba na cin jikin agogo irin wannan. Har muka yi cacar baki. Ya toshe mini ƙofa da wata mota marar lamba, yana fita kuma ya ce ko zan saye ta."

Ido Uku ya ɗauki waya.

"Na san ba kya son jin muryata. Babana gyara kawai ya yi. Wanda ya kawo agogon dillalin mota ne, ya so a goge lotsawar. Ban san ko wannan zai yi miki amfani ba. Ni dai ina nan inda kika bar ni."

Auta ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa. Can ta amsa.

"Ka yafe mini, Ido Ukuna. Kada ka gaya wa kowa. Ka ce Baba ya shirya zuwa neman aurena."

Umma kaɗai ta gaya wa, suka rufe ɗaki suka sha kukansu. Sannan ta wanke fuska ta tafi wajen Baffa, ta durƙusa kamar mutuniyar kirki.

"Baffa, na ga gaskiyarka. Amma yaron nan ya ƙi rabuwa da ni. Ka bar su su zo, ka kore su da bakinka a gaban dangi, shi ke nan na huta."

Baffa yana son taro, yana kuma son a ga ya wulaƙanta mutum. Ya bincika aka ce masa tsohon ko gabansa ba ya gani sosai, sai ya amince. Auta da kanta ta yi gayyar. Duk wanda ya zauna a falon ranar da aka tsayar da Yaya sai da ta kira shi, har gwaggon da ƙafa ke damunta ta aika wa mota.

Falo ya cika. Baffa ya gyara murya ya fara bayanin irin gidan da suke da irin wanda ba sa ba wa 'ya. Tsoho ya karkata kai yana saurare, can ya yi murmushi.

"Malam, wannan muryar na san ta. Har yanzu kana toshe wa mutane ƙofa da mota?"

Kafin Baffa ya haɗa amsa, Auta ta shigo da tire. Ba ruwa a kai, ba kofi, agogon Abba ne kaɗai yana tafiya abinsa. Ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu lotsawar, Tsoho yana ba da labari tiryan-tiryan. Gwaggo ta sa salati. Baffa ya fara wai matsi ne, wai niyyarsa ya mayar.

"Ba ni za ka gaya wa ba, Baffa," Auta ta ce. "Tashi ka tsaya a tsakiya, inda ka tsayar da shi."

Ta ɗaga labule, inda ta ɓoye wanda ta kirawo a asirce. Yaya ne a tsaye, ya rame, furfura ta fara fito masa tun lokacinta bai yi ba. Baffa ya tsaya a tsakiyar falon ya faɗa da bakinsa, Auta ta ce na baya ba su ji ba, ya maimaita. Yaya mai sanyin hali ne, ya ce ya yafe. Auta dai ba ta ce ta yafe ba, kuma maganar gaskiya har yau ba ta ce ba.

Yaya ne ya ba da aurenta, agogon a hannunsa. Da aka zo tafiya da amarya, Umma ta kama hannunta ta haɗa da na angon.

"Ka nuna mata gaskiya ranar da ƙarya ta fi maka sauƙi, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin ƙanku. Sai dai ka yi haƙuri da bakinta."

"Na saba, Umma," ya ce, aka yi dariya.

Auta ta kai bakin mota ta tirje, ta juyo tana kallon Umma da ƙofar gidan, hawaye suna zuba. Yaya ya matso ya buɗe mata ƙofar da kansa.

"Shiga ki tafi gidan mijinki, Auta. Umma ba ita kaɗai ba ce. Na dawo."