Ta Ina Bindigar Wilmer Ta Bi

Sufeto Evaristo Balanta yana cikin cin shinkafa da soyayyar ayaba aka kira shi, aka ce jirgin saman da ya tashi zuwa Bogotá ya dawo filin jirgin Puerto Lindero da fasinja ɗaya a ɗaure. Ya ture farantin, ya nemi hularsa. Ya daɗe da daina mamakin irin wannan kira.

Wani matashi ne, Wilmer Cuero, ya zaro ƙaramar bindiga bayan jirgi ya tashi, ya ce a kai shi Panama. Matuƙin ya amsa da to, ya yi ta zagaye a saman teku har wani mahauci da ke kujerar baya ya samu ya danne shi. Ba wanda ya mutu. Leɓen Wilmer dai ya fashe.

Manajan filin ya tari Sufeto yana sharce gumi, yana rantsuwa cewa na'urar gano ƙarfen nan sabuwa ce dal, ko makulli ba ya wucewa ba ta yi kuka ba. Sufeto ya ratsa ta da bindigarsa a ƙugu. Ta kwarma ihu.

"To, ita dai ba ta da laifi," in ji shi.

Ya karɓi bindigar Wilmer ya jujjuya. Akwai wani farin gari kamar alli a jikinta, ga kakin kyandir ya manne a bakinta.

Mai gadin na'urar, wani siririn mutum mai suna Fidencio, ya ce shi da hannunsa ya laluba Wilmer, kuma babu kayan da bai bi ta na'ura ba. Yana magana yana kallon takalmansa.

Ma'aikaciyar jirgin kuwa ta ce wata tsohuwa ce a kusa da Wilmer, Doña Otilia, baiwar Allah, rungume da gunkin Maryamu uwar Yesu da za ta kai wa 'yarta. Saboda tsoro ko motsi ba ta yi ba.

Sufeto ya koma wajen Fidencio.

"Har gunkin ka saka a na'ura?"

Fidencio ya ce, "Yallabai, Uwarmu ce fa. Ya zan tura ta cikin akwatin nan kamar jakar takalma?"

Sufeto bai ko yi masa faɗa ba. Shi ma ya san da wuya ya tura ta.

A ɗakin jira ya samu tsohuwar, 'yan sanda sun ba ta kofi don hankalinta ya kwanta, gunkin yana kan cinyarta lulluɓe da mayafi. Ta ce ita ba ta taɓa ganin yaron nan ba sai yau, Allah dai ya shirye shi. Sufeto ya zauna kusa da ita, ya sa aka wuce da Wilmer ta gabansu. Ɗan sandan da ke riƙe da shi ya murɗe masa hannu ta baya.

"Sassauta masa," in ji ta, "hannun nan ya taɓa karyewa."

Sai ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ta ajiye kofin a hankali.

"Mama, ba ni gunkin in gani," in ji Sufeto.

Ba ta yi gardama ba. Sufeto ya kifa gunkin. Cikinsa rami ne, an toshe gindin da kaki, an kuma fasa toshiyar.

Wilmer jikanta ne, ɗan 'yarta ta fari, shi ya sa sunansu bai zo ɗaya ba. Ta ce 'yan bindigar bakin kogi sun kashe ubansa da wansa, sun aiko cewa saura shi. Sun kai ƙara caji ofis, aka ce su dawo wani makon. A Bogotá ma mutanen suna da ido. Bindigar ta marigayi mijinta ce, ita ta dafa kakin, ita ta toshe.

"Shi bai so ba," ta ce. "Ni na matsa masa. Ba ni da sauran ƙarfin zuwa maƙabarta, ɗana."

Sufeto ya murza idanunsa. Can gefe yana jin manaja yana ba da umarni cewa daga yau har gumaka za a riƙa sakawa a na'ura. Gobe kuma wani zai zo da tasa bindigar a ɓoye a keken guragu, ko jikin jariri, ko ganga.

Bai sa mata ankwa ba. Ya miƙa wa saje gunkin a matsayin shaida, ya riƙe mata gwiwar hannu har bakin motar 'yan sanda. A nan ta tsaya.

"A gidan yari 'yan bindigar nan za su iya cim masa?"

Sufeto ya san za su iya. Ya buɗe mata ƙofa.

"Sunkuya, Mama, kada ki buge kai."