Fiyus Na Huɗu

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safiyar Asabar aka bugo waya caji ofis cewa mota ta kama da wuta a wani layi bayan tashar jirgin ƙasa ta Tanta, kuma da mutum a ciki.

Kafin Sufeto Ra'afat ya isa, 'yan kwana-kwana sun gama nasu, motar asibiti ta tafi da gawa. Abin da ya rage farar mota ce wadda ta zama gawayi daga kujerar direba zuwa baya. Furannin biki na nan manne a bonet. Warin ya cika layin, mata sun rufe tagogi.

Saje Mitwalli, wanda ya riga shi zuwa, ya buɗe littafinsa. Basha yake kiransa, kamar yadda ake kiran manya a garin.

"Hajja Nafusa, Basha, shekara saba'in da huɗu. Jiya aka yi bikin ɗan ƙaninta. Yau dangi suka kawo wa ango da amarya abincin washegari, tantabaru da gurasar fatir da zuma. Gidan hawa biyar ne, ita kuma ƙafafunta ba sa hawa bene. Suka bar ta a kujerar baya, a inuwa, wai minti goma."

"Motar a kunne take?"

"A kashe. Makulli na aljihun mai ita, Tamir, ƙanin ango."

"To me ya tayar da wuta?"

"Usta Fanus mai wayarin ne ya sa masa amfilifaya da manyan sifiku makon jiya, saboda biki. An ce bai sa fiyus ba."

"Wa ya ce?"

"Kowa, Basha."

Shekara ashirin Ra'afat yana aiki, bai taɓa samun wannan Kowa ya zauna ya ba da bayani ya sa hannu ba.

Ya ɗaga bonet. Wuta ba ta ci gaban motar ba, hayaƙi ne kawai ya baƙanta komai. Wata jar waya mai kaurin ƙaramin yatsa ta fito daga batir ta nufi cikin mota. Kusa da batir ta yanke, an rasa kamar taƙi ɗaya, sannan ta ci gaba. Ya sunkuya ya duba bakin yankan. Komai a wurin ya yi baƙi, amma bakin wayar, nan da can, jan ƙarfe ne yana ƙyalli.

"Mitwalli, hayaƙi yana zaɓe?"

"Ban gane ba, Basha."

"Bayan wuta ta mutu aka yanke wannan. Ka bincike mini motar. Ko toka ce ka tankaɗe."

Ya juyo ke nan wani dattijo ya tare shi, dogo, cikin jallabiya ruwan toka, idanunsa jajawur. Hajji Abdussabur ne, uban ango da Tamir, ƙanin mamaciyar, tsohon ma'aikacin lantarki da ya yi ritaya.

"Ita ta goya ni, Basha. Shekara arba'in ina aikin wuta, na san aikin banza in na gan shi. In hukuma ba ta ƙwato mana haƙƙinmu ba, yaran unguwa ba za su jira ba."

Ba barazanar baki ba ce. Tuni samari suka taru a ƙofar shagon Usta Fanus, ɗaya da galan a hannu, matar Usta kuwa tana saman shagon ta kulle kanta. Gobe bayan azahar za a binne Hajja Nafusa. Ra'afat ya san inda masu dawowa daga maƙabarta za su biya.

An kawo Usta Fanus ofis bayan la'asar. Tsoho ne gajere, da tabarau ɗaure da zare, da ƙaramin gicciye a wuyan hannunsa. An ba shi shayi bai taɓa ba.

"Ka sa fiyus ko ba ka sa ba?"

"Na sa, Basha. Mai amfiya sittin, taƙi ɗaya daga batir."

"Amfilifaya tana but. Me ya kai fiyus gaba?"

Usta ya ɗago kai. Tsoro ya ɗan sake shi, don an taɓo sana'arsa.

"Mutane na zaton fiyus amfilifaya yake tsaro. Waya yake tsaro. Wannan jar wayar kai tsaye take sha daga batir, ko ka kashe mota ka tafi Makka tana da wuta. In ta goge ta taɓa ƙarfen mota, duk ƙarfin batir zai bi ta cikinta, ta yi ja kamar garwashi. Fiyus shi zai mutu kafin ita. Shi ya sa ake auna shi da kaurin waya, ba da ƙarar da yaro yake so ba."

"Tun da ka gama aikin ka sake ganin motar?"

"A'a."

Ra'afat ya buɗe wata takarda a kan tebur. Ƙananan fallayen ƙarfe uku ne, kowanne ya tsinke a tsakiya. Saje ne ya tsinto su a tokar motar, cikin abin zuba guntun sigari.

"Kai fiyus ɗaya ka sa. Ga uku. Sauran biyun haihuwarsu ya yi?"

Usta ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Tamir ya zo jiya da azahar. Ya ce fiyus ɗina ɗan jabu ne, ya mutu. Na ce masa, Tamir, fiyus ba ya mutuwa don wasa, akwai abin da ke cizon wayar. Na tambaye shi ko ya taɓa kujerar baya, don ta ƙarƙashinta na bi da ita. Ya ce ya cire ta ya ɗauki kayan amarya, ya mayar da kansa. Na ce ya bar mini motar awa ɗaya. Ya ce awa ɗaya a ranar biki? Sai na ba shi biyu ya riƙe."

"Don me ka ɓoye?"

"Don da na ƙwace makullin, da tana raye."

"Da fiyus ɗinka a ciki, motar za ta ƙone?"

"Ko giwa ta zauna a kan wayar, kiɗa ne kawai zai tsaya."

"To uku sun mutu, kiɗa bai tsaya ba. Akwai na huɗu."

"Ba daga hannuna ba, Basha."

Da hantsin Lahadi aka shigo da Tamir. Saurayi ne mai gyaran gashi, hannunsa na dama a naɗe da bandeji, don shi ya fasa gilashi yana neman fito da gwaggonsa.

"Kiɗa ya tsaya ranar biki?"

"Ko sau ɗaya."

"Fiyus bai mutu ba?"

"Ni ban ma san kamarsa ba."

Ra'afat ya juyo masa waya. A biki kowane hannu da kyamara, Saje bai sha wahalar samun bidiyo ba. Ga jerin motocin rakiya da yamma, ana ta hon, ga farar mota a gaba, but a buɗe, sifiku na girgiza titi. Amarya da ango suna kujerar baya. Kiɗa ya ɗauke a shataletale. Tamir ya fito ya ɗaga bonet, kiɗa ya dawo. Ya sake ɗaukewa a kan gada, daidai ƙofar unguwar dangin amarya. Aka ji wata mata daga wata mota tana cewa, "Dangin ango, batir ɗin aro ne?" Dariya ta tashi.

Sai wani mutum ya fito ya ture Tamir, ya sunkuya cikin bonet. Bayansa kawai ake gani. Minti biyu, kiɗa ya dawo, bai kuma sake tsayawa ba.

"Wane ne wannan?"

"Mutane da yawa ne, Basha."

"Kana tsaye kusa da shi kamar allura da zare. Wane ne?"

Tamir ya kalli ƙasa.

"Ni na yi. Ni na haɗa wayar. Ku rubuta."

Ra'afat ya ciro filaya da guntun waya daga aljihun tebur ya tura masa.

"Hannun hagunka lafiya lau. Nuna mini yadda ka yi."

Tamir ya ɗauki filayar kamar mai riƙe ƙadangare. Ya juya ta, ya ajiye. Sai ya kifa kai a tebur.

"Gwaggo ta ce in bar mata taga a buɗe. Na ce ƙura za ta ɓata kujera."

Ra'afat bai sake tambayarsa komai ba.

Saura awa biyu jana'iza Sufeto da Saje suka isa gidan Hajji Abdussabur. Ana kafa rumfar zaman makoki a titi, an jera kujeru. Samarin jiya na zaune a bakin layi. Galan ɗin na ƙarƙashin benci.

A ƙasan bene Ra'afat ya tsaya gaban tsohon akwatin lantarkin gidan. Ya buɗe, ya zaro gidan fiyus na tangaran guda. Babu fiyus a ciki. Waya ce aka haɗa bakin biyu da ita, an lanƙwasa kowane kai kamar ƙugiya, a zagaye tsaf. Ya zaro na biyu, haka. A wannan gari ana kiran abin yi wa fiyus gashi, ana kuma yaba wa wanda ya iya, kamar yadda za a yaba wa likitan da ya warkar da tari ta hanyar toshe bakin mai yi.

Hajji ya karɓe su a falo. Ya sa aka kawo kofi marar sukari.

"Na ga akwatin wutarku a ƙasa, Hajji. Aikin hannu mai kyau."

"Nawa ne. Tun da na gina gidan nan ban sayi fiyus ba. Fiyus na 'yan kasuwa ne, Basha, su yi shi ya mutu ka koma ka saya."

"Namu na ofis kullum mutuwa yake. Ko za ka sam mini 'yar waya?"

Ko a ranar makoki, gwani ba ya ƙin a nemi gwanintarsa. Hajji ya miƙa hannu ƙarƙashin kabad ya jawo wani babban gwangwanin man shanu, cike da guntayen jan ƙarfe.

"Ma'aikacin lantarki ba ya yar da jan ƙarfe. Ko tsawon farce ne, ranarsa na zuwa."

Ya cire murfin. Sai hannunsa ya tsaya.

Ra'afat ya karɓi gwangwanin a hankali ya juye a kan faranti. Guntaye suka watse, duk masu ƙyalli. A cikinsu akwai ɗaya mai kauri kamar fensir, zafi ya mayar da shi shuɗi-shuɗi, kansa biyu a lanƙwashe kamar ƙugiya. Narkakkiyar roba na manne da shi, da ɗan guntun jar waya a kowane gefe.

"Wayar mota silli-silli ce, Hajji, don mota na girgiza. Wannan sandararriya ce, ta bangon gida. Na sa an zazzage shagon Usta Fanus, babu irinta ko taƙi ɗaya. Ɗan kwana-kwana kuma ya tuna wani dattijo da ya ɗaga bonet da filaya, wai zai raba batir kada wuta ta dawo. Har addu'a ya yi maka."

Hajji ya ajiye murfin gwangwanin.

"Gidan fiyus ɗin na jefa a magudana," in ji Hajji, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wannan kuwa hannuna ne ya sa shi a aljihu. Wallahi ban san lokacin ba."

"Ranar biki fa?"

"Ka ji abin da matar nan ta ce a kan gada. A ƙofar surukai, ɗana na zaune da amaryarsa, ana yi mana dariya. Filaya na aljihuna, waya na aljihuna. Na ce fiyus ne rago. Sau dubu na yi wannan a gidaje."

"A gida akwai wani babban fiyus a bayan naka, a kan falwaya. A mota babu kowa a bayansa sai wanda ke zaune."

"Na ce da safe zan cire. Da safe ni na riƙo hannun Yaya na zaunar da ita. Na ce, zauna nan, ya fi laushi."

"Sannan ka nuna wa unguwa shagon Fanus."

Ra'afat ya tura farantin gabansa.

"Ɗanka yana ofishina yana roƙon a rubuta shi ne."

A nan ne dattijon ya rufe fuska da hannu biyu.

Saje ya ciro ankwa. Ra'afat ya girgiza kai.

"Tukuna. Hajji, akwai galan a ƙarƙashin benci a bakin layi. Ni in na faɗa musu, za su ce an sayi hukuma. Kai ka kunna wannan, kai za ka kashe."

Suka sauko. Mai gwada lasifikar rumfa ya matsa gefe. Hajji Abdussabur ya riƙe makirfon, ya faɗi abin da ya yi cikin jimla huɗu, ya ambaci sunan Usta Fanus ya ce ba shi da laifi. Can wani saurayi ya tashi, ya ɗauki galan, ya shige lungu da shi.

A bakin motar 'yan sanda Hajji ya waiwayo.

"Basha, ku bar ni in sallace ta."

"Za ka sallace ta. Saje zai tsaya kusa da kai."

Aka sa masa ankwa, aka rufe ƙofa.

Da azahar aka saki Usta Fanus. Ya sa hannu a takarda, ya gyara tabarau, ya tsaya yana kallon fallayen ƙarfen nan uku da ke kan tebur.

"Ka tafi gida, Usta. Matarka na jira."

"Zan tafi." Ya nuna su da yatsa. "Sau uku motar nan ta yi magana, Basha."

Ra'afat ya tattara su, ya haɗa da guntun jan ƙarfen, ya zuba a ambulan, ya rubuta sunan Hajja Nafusa a bayansa.